Baturiyar Da Ta Je Kallon Birai Ta Ƙare Da Dashen Itatuwa

Manoma 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa yini a kan rumfar gadi, rana na dukansa, yana kaɗa gwangwani yana ihu don kada birai su gama masa da masara, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne biri. Ya san shi sarai. Ya san ɓarnarsa ta fi cinsa yawa, ya karya goyon masara, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, ya nufi na gaba. Saboda haka in aka ce yau filin nan namu na noma zai ba da labarin wata mace wadda ta ba da shekara 65 na ranta ga birai, na san akwai wanda zai ce, to, mu ina ruwanmu? Ku dai yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Matar nan don birai ta shiga daji, amma dajin da kansa ya turo ta zuwa gonakin mutanen da ke kewaye da shi, kuma abin da ta gano a can ya shafi duk mai riƙe da fartanya.

Sunanta Jane Goodall, mutuniyar Ingila ce. An haife ta a Landan ran 3 ga watan Afrilu, 1934, ta rasu ran 1 ga watan Oktoba, 2025, a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, tana da shekara 91.

Wane irin biri ne?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu san irin birin da a ke magana a kansa, don ba jan biri ba ne, ba kuma bika ba. Wannan baƙi ne, babba, ba shi da wutsiya ko kaɗan, in ya miƙe tsaye ya kan kai wa mutum ƙirji, kuma ya fi ƙato ƙarfin hannu. Turawa suna ce masa cimfanzi. Mutanenmu da ke zaune kusa da dajin Gashaka, a jihar Taraba, inda har yanzu a ke samunsa, suna kiransa biri mai ganga, domin ya kan tafi gindin babban itace mai faffaɗan saiwoyi ya yi ta buga su da hannu da ƙafa, a ji ƙarar daga nesa kamar ana kiɗa.

Abincinsa yawanci 'ya'yan itatuwa ne da ganye. Ko wace yamma ya kan hau itace ya tanƙwara rassa ya yi wa kansa sabon gado, ya kwana, gobe kuma ya yi wani a wani wuri. Macen ɗa ɗaya ta ke haihuwa, ta shayar da shi, ta yi ta goyo, ba ta sake haihuwa sai bayan kamar shekara 5. Ku riƙe wannan, domin shi ya sa in aka kashe su ba sa saurin mayar da gurbi kamar yadda ƙananan birai ke yi.

Daga akurkin kaji zuwa Kenya

Tun tana ƙarama aka ga alamar abin da za ta zama. Ba ta wuce shekara 5 ba aka kai ta wani gidan gona a ƙauye, aka sa ta tattara ƙwai. Sai ta shiga tambaya, wai ta ina ƙwai ke fitowa daga jikin kaza, ga shi ba ta ga wata kafa da ta kai girmansa ba? Da ba ta sami amsar da ta gamsar da ita ba, sai ta shige akurki ta ɓuya cikin ciyawa, ta yi shiru wajen awa 4, har kaza ta zo ta saka ƙwai a kan idonta. A waje kuwa hankalin kowa ya tashi, ana ta cigiya. Da ta fito a guje, uwarta ba ta tsawata mata ba, sai ta zaunar da ita ta saurari labarin yadda kaza ke yin ƙwai. Har ta tsufa tana yaba wa uwarta a kan wannan.

Da ta gama makaranta, gidansu ba su da halin kai ta jami'a. Sai ta koyi buga tafireta ta kama aikin akawu. Ana nan wata ƙawarta ta rubuto mata takarda daga Kenya ta ce ta zo ta ga gonarsu. Kuɗin jirgi kuwa babu, sai ta koma gida ta kama aikin kai wa baƙi abinci a wani hotal, tana tara ɗan abin da ta samu, har ya isa. Cikin 1957 ta shiga jirgin ruwa ta sauka a Mombasa.

A Nairobi ta sadu da Dakta Louis Leakey, shugaban gidan ajiye kayan tarihi na birnin, wanda aikinsa shi ne tonon ƙasusuwa da kayan aikin dutse na mutanen da. Ya ɗauke ta akawunsa. Mutumin nan ya daɗe yana neman wanda zai je ya zauna cikin daji ya lura da zaman birai masu ganga, don a lokacin kusan duk abin da aka sani game da su daga waɗanda aka kulle a keji aka samo shi. Da ya ga haƙurinta da yadda ta ke lura da abu, sai ya ce ita ce. Rashin takardar jami'a bai dame shi ba, shi a ganinsa gara wanda zai je ya duba da idonsa da wanda zai je da amsa a aljihu.

Gombe, amma ba tamu ba

Wurin da aka tura ta sunansa Gombe, amma kada mai karatu ya ɗauka Gombenmu ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan wani ɗan gandun daji ne a gaɓar gabas ta tabkin Tanganyika, mil 10 da 'yan kai arewa da garin Kigoma, a ƙasar da a ke kira Tanganyika a lokacin, Tanzaniya a yau. Duka-duka faɗinsa bai wuce murabba'in mil 20 ba, tsaunuka ne masu tsayi da kwaruruka, ƙoramu na gangarowa daga cikinsu zuwa tabki. Ba hanyar mota, sai ta ruwa.

Ta sauka can ran 14 ga watan Yuli, 1960, watau shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami mulkin kai. Hukumar Turawa ta ƙi yarda budurwa ta zauna daji ita kaɗai, sai uwarta ta ce ta ji ta gani, ta biyo ta. Suka kafa tanti a bakin ruwa, su biyu da kukunsu. Kuɗin da wani attajiri Ba'amurke ya bayar na wata 6 ne kawai. In wata 6 suka cika ba ta ga wani abin kirki ba, shi ke nan, sai ta tattara ta koma gida.

Mutanen wurin, masunta da manoma, ba su yi murna da zuwanta ba da fari. An riga an keɓe dajin an hana su noma a ciki, suna kuwa sa ran wata rana a mayar musu da shi. Sai suka yi zaton 'yar leƙen asirin Gwamnati ce, an aiko ta ta ƙirga birai ta ƙara yawansu a takarda don kada a mayar. Abin da ya kwantar da hankalinsu shi ne uwar. Ta kafa 'yar rumfa tana ba masu ciwon kai da zazzaɓi magani, tana wanke wa masu gyambo miki, har mutane suka riƙa zuwa daga nesa. Ku lura, tun ranar farko maganar birai da maganar gonakin mutane a haɗe su ke, ko da ya ke ita kanta sai bayan shekaru da yawa ta gane nauyin abin.

Aikin kuwa da wuya. Da birai sun hango ta, ko daga tsallaken kwari ne, sai su bazama. Ita da uwarta duka suka kwanta da zazzaɓin cizon sauro. Da ta sami sauƙi, sai ta sami wani tsauni inda a ke hangen kwaruruka biyu, kullum tun da asuba ta hau, da tabarau na hangen nesa da littafi da fensir, cikin tufafi iri ɗaya marasa haske, ta zauna a fili inda za su gan ta, ba ta bin su, ba ta ɓuya. Da dare ta kunna fitila ta kwafe duk abin da ta gani cikin babban littafi, da rana da lokaci, kamar yadda akawun kirki ke yi. Sannu a hankali birai suka ga abin nan ba ya cutarwa, suka rage gudu.

Tsinke a cikin suri

Na farkon da ya saki jiki da ita wani namiji ne mai farin gashi a haɓa, ta sa masa suna David Greybeard, watau Dauda Mai Furfurar Gemu. Wajen ƙarshen watan Oktoba, 1960, ta gan shi a kan itace yana cin naman ɗan aladen daji. Kafin nan masana sun ɗauka ganye da 'ya'yan itatuwa kaɗai irin biran nan ke ci. Daga baya ta ga har farauta su ke yi, su taru su kewaye ƙananan birai su kama.

Bayan 'yan kwanaki, a farkon Nuwamba, ta ga abin da ya fi wannan. Ta tarar da Dauda zaune a bakin suri, ya tsinko doguwar ciyawa, ya zura cikin rami, ya dakata kaɗan, ya zaro a hankali, zago sun cije ta, ya tsince su da leɓe. Wata rana kuma ta ga ya karyo ɗan reshe ya zage ganyen tukuna, sa'an nan ya zura. To, mai karatu zai ce, wannan ai yaran ƙauye ma suna yi. Haka ne, amma a wancan zamani manyan masana sun tsaya a kan cewa ɗan Adam kaɗai ke gyara abu ya mai da shi kayan aiki. Da ta buga wa Leakey waya, sai ya amsa cewa yanzu kam sai masana su zaɓa, ko su sake ma'anar kayan aiki, ko su sake ma'anar mutum, ko su karɓi biri mai ganga cikin mutane. Wannan ya sa wata babbar ƙungiya ta Amurka mai suna National Geographic ta ɗauki nauyin aikin, aka tsira daga tattara kaya.

Cikin 1962 jami'ar Kambirij ta Ingila ta karɓe ta karatun digirin dakta, alhali ba ta da digirin farko, abin da ba safai a kan yi ba. Shaihunan malamai suka ce ta yi kuskure da ta sa wa birai suna, lamba ya kamata ta ba su, kuma kada ta ce wannan mai fushi ne, wancan mai haƙuri. Ta ƙi sakewa. Ta ce karen da ta tashi da shi ya riga ya koya mata dabba na da hali. Duk wanda ya taɓa noma da shanu zai goyi bayanta, don ya san a cikin bijimai biyu da ke jan garma ɗaya, halin wannan daban, na wancan daban.

Halin birai, mai daɗi da marar daɗi

Shekaru suka yi ta tafiya, littattafai suka yi ta cika. Ta ga birai suna gaisuwa da runguma, suna riƙe hannu, wanda aka doka ya je ya miƙa hannu a lallashe shi. Ta ga suna tauna ganye su tsoma cikin kogon itace su tsotsi ruwa. Ta ga wani namiji mai suna Mike, wanda ba shi da wani ƙarfi, kullum shi ne na baya wajen cin abinci, ya gano garewanin kananzir da babu kome ciki a bakin tanti. Sai ya riƙa tura su gabansa a guje suna ƙara, manyan maza na watsewa, har cikin 1964 ya ture shugabansu Goliath ya hau. Dabara ta fi ƙarfi ke nan.

Akwai wata tsohuwa mai suna Flo, uwa ce ta gari ƙwarai. Da ta mutu cikin 1972, ɗanta Flint, mai shekara 8, wanda bai taɓa rabuwa da ita ba, ya daina cin abinci, ya yi ta zama kusa da inda ta mutu, bayan kamar mako 3 shi ma ya bi ta.

Amma matar nan ba ta ɓoye munanan halayensu ba. Garken da ta fi sani ya rabu biyu, na Kasakela a arewa da na Kahama a kudu. Daga 1974 zuwa 1978 mazan Kasakela suka riƙa fita sintiri, in suka tarar da na Kahama shi kaɗai su far masa, har suka ƙarar da mazan Kahama duka suka cinye ƙasarsu. Cikin waɗanda aka kashe har da tsoho Goliath, wanda a da tare su ke ci. Ta kuma ga wata mace da 'yarta suna ƙwace jariran waɗansu mata suna cinyewa. Ta san kuma suna da haɗari ga yara. Da ta haifi ɗanta cikin 1967, sai da aka gina masa wuri mai shingen waya don kada biri ya ɗauke shi. Hausawa sun ce biri ya yi kama da mutum, ashe kamar ba ta tsaya a fuska ba.

Ita ma ta yi nata kuskuren, ta kuwa amsa. Don ta jawo su kusa, ta riƙa ajiye musu ayaba a sansani. Abin ya sauƙaƙa kallo, amma ya tara su wuri ɗaya, faɗa ya yawaita tsakaninsu, da kuma tsakaninsu da bika. Aka rage, daga baya cikin 2000 aka daina ɗungum. Cuta ma ta kan tsallaka daga mutum zuwa gare su. Cikin 1966 shan inna ya shiga garken, ya kashe waɗansu ya gurgunta waɗansu, sai da aka riƙa ɗiga maganin rigakafi cikin ayaba ana ba sauran.

Cikin 1968 Gwamnatin Tanzaniya ta mai da Gombe babban gandun daji na ƙasa. Cikin 1975 waɗansu 'yan tawaye suka ƙetaro tabki daga Zayar, watau Kwango ta yanzu, suka sace ɗalibai 4 Turawa. An sako su daga baya, amma baƙi suka janye, aikin bin birai kullum ya koma hannun 'yan ƙasa, yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye. Su suka riƙe shi, har ya zama babu wani aikin lura da birai masu ganga da ya fi shi daɗewa ba yankewa.

Abin da ta gani daga sama

Cikin 1986 aka yi wani babban taro a birnin Shikago na Amurka, masu nazarin birai masu ganga daga ƙasashen Afirka daban-daban suka hallara. Duk wanda ya tashi, labarinsa ɗaya ne, ana sare daji, ana harbin birai don nama, ana kashe uwa don a sayar da ɗa. Masana sun ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 akwai su fiye da miliyan 1, yanzu kuwa sun ragu ƙwarai. Daga taron nan ta bar zaman daji da ta ke so, ta kama yawon duniya tana jawo hankalin mutane, a shekara ta kan yi wajen kwana 300 a kan hanya.

A farkon shekarun 1990 ta bi ta kan Gombe cikin ƙaramin jirgin sama. Abin da ta gani ya tayar mata da hankali. Sa'ad da ta zo cikin 1960, daji ne ya miƙe a gaɓar tabkin, ƙauyuka tsilli-tsilli. Yanzu gandun ya zama kamar ɗan tsibiri kore, kewaye da shi tsaunuka ne tsirara. Mutane sun yawaita, ga 'yan gudun hijira daga Burundi da Kwango. An sare itatuwa don girki da gini, an hau har kan gangaren da bai kamata a noma ba an shuka rogo da masara da wake. Da ruwan sama ya sauko, ba saiwar da za ta riƙe ƙasa, sai ya kwashe ta zuwa tabki. Gona ta yi shekara biyu ko uku ta mutu, a sake hawa sama a sare sabon wuri. Ƙoramu suka fara ƙafewa, mata na tafiya mai nisa neman itace, wani lokaci gefen tsauni ya zabtaro kan gidaje.

A nan ne ta yi tunanin da ya bambanta ta da masu kare daji da yawa na zamaninta. Da wani ne, sai ya ce a ƙaro masu gadi da bindiga, a tsananta tara. Ita kuwa ta ga mutanen nan ba mugunta ke sa su sara ba, yunwa ce, kuma abin da ke kashe birai shi ne ke kashe gonakinsu. Ta ce muddin manomin da ke bakin daji bai sami abin da zai ci ba tare da ya lalata ƙasarsa ba, to, ba birin da zai tsira.

Aikin ƙauyuka

Tun 1977 ta riga ta kafa cibiya mai sunanta. Cikin 1994 cibiyar ta fara wani shiri mai suna Tacare a ƙauyuka 12 da ke kewaye da Gombe. Ba Turawa aka tura su yi wa mutane wa'azi ba. 'Yan ƙasa aka ɗauka, malaman gona da na daji da na asibiti, suka je suka zauna da dattawa suka tambaye su, me ku ke bukata? Amsar ba ta da birai a ciki. Suka ce abinci, da magani, da karatun 'ya'yansu. Daga nan aka fara.

Aka kafa lambunan renon dashe a ƙauyuka, na itatuwan girki masu saurin girma, da na 'ya'ya, da ingantaccen irin kwakwar manja, don kowa ya sami nasa kusa da gida. Aka nuna wa manoma yin kunya a gicciye bisa gangare maimakon a miƙe daga sama zuwa ƙasa, da dasa layin ciyawa irin jema don ta tare ƙasa in ruwa ya kwaso ta. Aka koya wa mata gina murhu mai tsimin itace. Aka kafa ƙungiyoyin ajiya da rance, yawancinsu na mata, a ba mutum ɗan jari ya yi sana'ar da ba ta cin daji, kamar kiwon zuma ko sayar da dashe, in ya biya a ƙara masa. Aka biya wa 'yan mata kuɗin makarantar gaba da firamare. Manoman gahawa na kan tudu kuma aka taimake su gyara amfaninsu da samun kasuwa mai tsoka.

Da aminci ya samu, sai aka zo maganar ƙasa. Aka kawo wa mutanen ƙauye hotunan da tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama, kowa ya ga gonarsa da rafinsu da tsaunin da ya tsiraita. Su da kansu suka zauna suka shata, nan wurin noma, nan wurin kiwo, nan wurin gidaje, can kan tsauni da mafarin ƙorama kuwa a bar shi ya huta, ba sara, ba ƙuna. Suka zaɓi 'ya'yansu masu kula da dajin ƙauye. Abin mamaki, yawancin wuraren ba su bukaci dashe ba. Kututturen da aka sare tun da daɗewa ashe saiwarsu na da rai, da aka daina sara da sa wuta sai suka tofo. A ƙauyen Kigalye, hotunan 2005 da na 2014 sun nuna tsaunin da ya ke fili ya koma kurmi. Shirin ya bazu zuwa ƙauyuka fiye da 100 a yammacin Tanzaniya, aka kuma kwaikwaye shi a waɗansu ƙasashen Afirka.

Ba a ce kome ya gyaru ba. Biran Gombe, waɗanda su ke wajen 150 a shekarun 1960, yanzu ba su wuce 100 ba, kuma har yanzu su kan fito su taɓa amfanin mutane. Amma dajin ƙauyuka ya ba su hanyar wucewa daga wani kurmi zuwa wani, su kuma mutane ƙasarsu ta daina gudu.

Ba ta manta da yara ba, don itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Cikin 1991, a barandar gidanta da ke Darussalam, ita da ɗalibai 12 suka kafa ƙungiyar Roots & Shoots, watau Saiwa da Tsiro, inda ko wane rukunin yara zai zaɓi aiki uku, ɗaya don mutane, ɗaya don dabbobi, ɗaya don ƙasar da su ke zaune a kai. Ta yaɗu zuwa ƙasashe fiye da 60. Cikin 1992 ta buɗe gidan renon marayun birai a Tchimpounga, ƙasar Kwango Barazabil. Cikin 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar zaman lafiya. Ajali ma a kan hanya ya same ta, ta je yin lacca.

Namu rabon

To, jama'a, labarin can ya faru, amma ba mu rasa abin ɗauka. Irin biri mai ganga da ke Gashaka da kan iyakar Kamaru shi ne mafi ƙaranci cikin iri 4 da a ke da su a duniya. Ɗan kasuwar da aka kawo wa jaririnsa a kwali ya sani, uwa ba ta sakin ɗanta tana da rai, sai an harbe ta, kuma doka ta hana cinikin. In ba mai saye, maharbi ba zai wahalar da kansa ba.

Ga ma'aikatan daji da masu riƙe da alƙalami kuwa, labarin ya nuna cewa tara da kamu kaɗai ba sa tsai da daji. Wanda birai suka cinye wa gona yana da gaskiya in ya yi kuka, kuma sai an saurare shi tukuna zai saurari wani.

Mu manoma kuma, ba wanda ya ce mu bar biri ya ci gumin da muka zubar, gadin gona wajibi ne. Sai dai mu duba tudun da ke bayan garinmu da bakin rafinmu, mu tuna yadda su ke muna yara. In kwazazzabo ya fara cin gona, in rijiya na ƙara zurfi ko wace shekara, in mata na yini neman itace, to, ciwon mutanen Kigoma ne ya iso, ko da kuwa ba biri ko ɗaya a ƙasarmu. In za a yi sharar gona bana, kututturen da ya tofo a rage masa rassa a bar masa ɗaya ko biyu masu ƙarfi, kada a tura masa wuta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.